In Na Mutu, Wa Zai Riƙe Shi?

 

Yau sai mu ajiye tukunya da allura gefe ɗaya, domin akwai wata tambaya da aka yi mini na kasa amsawa, ina so ku taya ni tunani a kanta.

A unguwarmu akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana da ɗa namiji wanda ya haura shekara 30, ga gemu, ga ƙarfi, amma bai iya ƙirga kuɗi ba, ba ya iya zuwa kasuwa shi kaɗai, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Ba ya zagi, ba ya duka. In ya gan ki sai ya yi ta murmushi yana gaishe ki har sau uku. Da daminar bara zazzaɓi ya kwantar da uwar kwana biyu. Shi kuwa ya zauna bakin ƙofar ɗakinta, bai ci kome ba, bai kuma san ya je ya kira wani ba, sai da wata maƙwabciya ta shiga aron rariya ta tarar da su haka.

Da na je gaishe ta, sai ta kama hannuna ta ce, "Malama, ke da kika yi karatu, gaya mini. In na mutu, wa zai riƙe shi?" Na ce, "Allah yana nan, Inna." Ta ce, "Na sani, 'yata. Amma ai ta hannun mutum Allah ya ke ba da tuwo. Hannun wa?"

To, tun daga ranar na shiga bincike, in ga yadda mutanen waɗansu ƙasashe suka amsa wannan tambaya. Ga abin da na samo.

Su Wane Ne Waɗannan Mutane?

Da farko sai mu rarrabe, gama mu kan haɗa su duka mu ce mahaukata ne, ko wawaye, ko kuwa mu ce 'yan ruwa ne aljannu suka musanya. Taɓin hankali ciwo ne da ya kan sami mutum bayan ya girma da hankalinsa, sau da yawa kuma ana yi masa magani ya lafa. Waɗannan da mu ke magana a kansu kuwa, tun suna ciki ko tun suna ƙanana wani abu ya sami ƙwaƙwalwarsu, sai girmanta ya yi jinkiri. Suna koyo, amma a hankali. Ba a warkar da abin da allura ko hayaƙi, sai dai a koya musu, a taimake su.

Dalilansa sanannu ne ga likitoci. Akwai doguwar naƙuda, wadda jariri ke fitowa bai yi kuka da wuri ba, ƙwaƙwalwa ta rasa iska. Akwai shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, sa'ad da idon jariri da jikinsa suka yi ɗorawa. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da kuma sanƙarau. A annobar sanƙarau ta 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar nan, yawancinsu a Arewa, fiye da 11,000 suka rasu. Cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda ciwon ya bar musu kurumta ko raunin fahimta, yau kuwa duk sun zama manya. Akwai kuma rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki, shi ne mai kawo maƙoƙo. Saboda haka ne tun 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishirin da a ke sayarwa a Nijeriya.

Waɗansu kuma da abinsu a ke halittarsu. Cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai waɗansu 'yan zarurruka na gado guda 46. In aka sami ƙari guda, suka zama 47, sai a haifi yaro da lalurar da a ke kira da sunan likita Down, Baturen Ingila da ya bayyana kamanninta cikin 1866. Sai 1959 aka gano dalilinta a birnin Faris. Ana samun wajen jariri 1 cikin 1,000 da ita, a kowace ƙasa, gidan sarki da gidan talaka. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin kishiya ba ne.

Ga abin lura. A Amurka, cikin 1983, masu wannan lalura ba su cika wuce shekara 25 a duniya ba. Yanzu, saboda ci gaban aikin likita, su kan kai wajen 60. Watau ɗan da a da ya kan riga uwarsa tafiya, yanzu shi ke binne ta. Tambayar Inna mai daddawa ke nan.

Kuskuren Da Turawa Suka Yi

Amsar da Turawa suka fara bayarwa ita ce a gina manyan gidaje a bayan gari, a kwashe irin waɗannan mutane a zuba ciki. A jihar New York ta Amurka akwai wani da a ke kira Willowbrook. An gina shi don mutum 4,000, amma kafin 1965 an cusa fiye da 6,000. Cikin 1972 wani ɗan jarida ya shiga da na'urar ɗaukar hoto, ya nuna wa duniya mutane tsirara kwance cikin ƙazanta, ma'aikaci ɗaya ga ɗaki cike da jama'a. Iyaye suka kai ƙara kotu. Aka yi ta fitar da mutanen kaɗan-kaɗan zuwa ƙananan gidaje cikin unguwanni, har aka rufe wurin cikin 1987.

Ƙasar Denmak ta riga su farga. Dokarta ta 1959 ta tsaya a kan cewa a bar mai raunin fahimta ya yi zaman duniya kusa da irin na kowa, iyakar yadda zai yiwu: ya tashi da safe, ya tafi wurin aiki, ya komo gida da maraice, ya yi bikin da kowa ke yi. Maƙwabciyarta Suwidin ta yi dokar rufe dukan manyan gidajen nan kafin ƙarshen 1999. A madadinsu akwai ƙananan gidaje na mutum biyar ko shida tare da masu taimako, da wurin sana'a na yini, da mai zuwa gida ya karɓi iyaye su huta. Har ma akwai wanda a ke ba ɗan alawus don ya zama abokin mutum, ya riƙa ziyartarsa, su fita yawo tare.

Na kawo wannan ne don na sha jin mata suna cewa, da gwamnati za ta gina musu wani babban gida a kai su, da an huta. Waɗanda suka gwada haka da kuɗin da ya fi namu sun yi da-na-sani.

Garin Da Ke Karɓar Baƙi

Amma labarin da ya fi kama mini hankali shi ne na wani gari mai suna Geel, a lardin Antwerp cikin ƙasar Beljiyam. Fiye da shekara 600 ke nan mutanen wannan gari suna ɗaukar masu taɓin hankali da masu raunin fahimta, waɗanda ba danginsu ba, suna zama da su cikin gidajensu.

Asalin abin, bisa ga labarin da Kiristocin wurin ke bayarwa, wata 'yar sarki ce daga ƙasar Ailan, sunanta Dimfina, ta gudo daga ubanta wanda hankalinsa ya gushe. Ya biyo ta har Geel ya kashe ta. Daga baya mutane suka riƙa kai marasa lafiyarsu wurin kabarinta neman waraka. Cikin 1349 aka fara gina mata majami'a, daga baya aka ƙara ɗakin jinya a jikinta. Da baƙi suka yi wa ɗakin yawa, sai aka roƙi mutanen gari su sauke su. Waɗansu baƙin suka koma gida, waɗansu kuwa suka zauna, suna taya masu masaukinsu noma da kiwo, har suka zama 'yan gida.

A tsakiyar ƙarni na 19 gwamnati ta karɓi kula da al'amarin, aka gina asibiti, aka sa likitoci. Cikin 1938 baƙin sun kai wajen 3,700, mutanen garin kuwa ba su fi 20,000 ba. Ku duba fa, kusan duk titin da kika bi sai kin ga gidan da ke da baƙo.

Ga yadda a ke yi. Asibiti ke zaɓen wanda ya dace da zaman gida, ya kuma binciki gidan da zai sauka. Ana ba baƙo ɗakinsa, yana ci tare da iyali, yana da aikinsa na gida kamar kowa. Ana biyan masu gida ɗan abin ɗawainiya. Ma'aikaciyar jinya tana zagayowa, in ciwo ya tashi asibiti ya karɓe shi, in ya sami sauƙi ya koma ɗakinsa. Mutanen garin ba su ce da su majinyata, baƙi su ke ce musu. Bisa ga al'adarsu ma ba a cika gaya wa masu gida sunan ciwon mutum ba, sai dai a gaya musu halinsa da abin da ya ke bukata, don kada su riƙa kallon ciwon su manta da mutumin. Da yawa sun yi shekara 20 ko 30 a gida ɗaya. In masu gida suka tsufa suka rasu, sau da yawa 'ya'yansu, waɗanda suka tashi tare da baƙon, su ke ci gaba da riƙonsa.

Kada ku ce can ɗin babu aibu. A zamanin da akwai waɗanda suka ɗauki baƙo don kwaɗayin kuɗin, ko don samun mai yi musu aikin gona a arha, shi ya sa aka tsananta zagayen masu dubawa. Yanzu kuma abin ya ja baya ƙwarai, baƙin ba su kai 300 ba, domin gonaki sun ragu, miji da mata duk suna fita aiki, gida ba kowa da rana. Duk da haka, cikin 2023 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan al'ada cikin jerin ayyukan da suka cancanci a yi koyi da su.

Aiki Shi Ne Mutunci

Akwai kuma wani likitan yara, Karl König, mutumin birnin Biyana, wanda ya gudo daga mulkin Hitila. Cikin 1940 shi da abokansa suka buɗe makarantar Camphill kusa da Aberdeen a Sikotlan, don yara masu irin wannan lalura. Da yaran suka girma sai iyaye suka zo da tambaya irin ta Inna: sun gama makaranta, sai ina? Saboda haka cikin 1955 aka kafa ƙauyen Botton a arewacin Ingila, don manya. Aka yi gonaki, da wurin tatsar shanu, da gidan burodi, da wurin saƙa da sassaƙa. Kowa aka ba shi aikin da zai iya, abin da suka yi kuma a kai kasuwa a sayar. Wanda a da a ke ɗauka ba shi da amfani, sai ga shi in bai fito ba ranar shanu sun kwana ba a tatsa ba.

Ƙauyukan Aro

Wata za ta ce duk wannan na Turawa ne. To, ga namu na gida. Cikin 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya komo daga karatu a Ingila, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Ya shirya da sarakunan ƙauyuka huɗu na kewaye, aka riƙa sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowane da ɗan'uwansa guda mai kula da shi. Da safe su je asibiti a duba su, da maraice su komo cikin jama'a. Masu gida suna karɓar kuɗin haya, ƙauyukan kuma suka sami ruwan famfo da taimakon tsabta. Masu taɓin hankali aka yi wa wannan tsari, amma darasin ɗaya ne: mutum ya fi samun lafiya cikin mutane, unguwa kuma tana iya ɗaukar nauyi in an tallafa mata. Sunan Lambo ya kai ko'ina saboda wannan aiki, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Mu Fa, Ina Muka Tsaya?

Gaskiya mu ba mu saba kai namu wani gida mu baro ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wannan abin yabo ne, shi ne kuma abin da Turawa suka yi asara su ke neman maidowa da kuɗi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau nawa riƙon nan ya ke zama ɓoyewa a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi? Sau nawa a ke tura su bara? Sau nawa nauyin duka ke kan mace ɗaya, uwa ko kaka, ba mai karɓarta ko na yini guda? Cikin 2019 'yan sanda sun buɗe gidajen mari a Kaduna da Katsina da Zariya, suka fito da ɗaruruwan mutane, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, don sun gaji, ba su kuma san wata hanya ba.

Doka dai akwai ta. Cikin Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Wanda ya karya ta, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6, ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki dominsu. Cikin 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Amma doka ba ta shiga ɗakin Inna ta ga ko an hura wuta. Wannan sai maƙwabta.

Abin Da Za Mu Iya Tun Yau

Na farko, ke uwa, ki koya masa, ko ya girma. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa aiki mai wuya a kan gutsuttsura shi. Wanke kwano ba aiki ɗaya ba ne: ɗebo ruwa, sa sabulu, cuɗawa, ɗauraya, kifewa. Ki koya masa ɗaya har ya zauna, kāna ki ƙara na biyu. Wanka, sa tufafi, alwala, sanin sunan unguwa, da sanin gidan da zai ruga in wani abu ya same ki. Sannu ba ta hana zuwa. Duk abin da kika yi masa alhali zai iya da kansa, kin rage masa guzurin ranar da ba kya nan.

Na biyu, a ba shi aiki na gaske: ɓarar gyaɗa, tsinkar zogale, kiwon kaji ko awaki, ban ruwan lambu, sharar shago. In ya yi a biya shi hakkinsa, a ajiye masa wurin amintacce. Ku roƙi masu gidanku masu sana'a su ɗauki mutum guda.

Na uku, mu da muka iya adashin kuɗi, me zai hana mu yi adashin lokaci? Mata shida su shirya, kowace ta ɗauki yini guda a mako, ya wuni gidanta ko ita ta leƙa nasu. Uwa ta sami zuwa asibiti, ko biki, ko barci. Shi kuma ya saba da gidaje shida maimakon ɗaya, ranar da babu uwar ba zai faɗa hannun baƙi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, a yi maganar tun uwa tana da rai. A tara dangi gaban mai unguwa da liman, a faɗi wanda zai riƙe shi, da inda zai kwana, da wanda zai riƙa dubawa, a rubuta, a sa shaidu. A tambayi shi mai abin wurin wa ya ke so, gama yana da zaɓi. Gadonsa kuma nasa ne. Aya ta 5 cikin Suratun Nisa'i ta ɗora wa waliyyai su tsare dukiyar wanda ba ya iya sarrafa ta, su ciyar da shi, su tufatar da shi daga cikinta, su kuma yi masa magana mai daɗi. Ba a ce su cinye ba.

Na biyar, mu sa ido ƙwarai a kan mata daga cikinsu. Su ne miyagun maza suka fi cuta, don sun san ba za su iya ba da labari ba, ko kuwa in sun bayar ba za a yarda ba. Kada a aike ta gidan da ba a amince da shi ba. A koya mata cewa jikinta nata ne. In ta zo da ƙara, a saurare ta, a kai ta asibiti, a kai magana wurin hukuma. Kada kuma a ɗaura mata aure da sunan magani, ba tare da ta gane abin da a ke ciki ba.

Na shida, da yawansu suna da farfaɗiya. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta miyau ko taɓawa, akwai kuma ƙwayoyin asibiti masu hana ta tashi in ana sha kullum. In ta tashi, a kawar da wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.

Ku kuma 'yan makaranta, naku aikin ba ƙarami ba ne. Ku ne yayyen yaran nan da ke binsu suna waƙa suna jifa. Ku hana ƙannenku. Ku kira mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa. In kin iya karatu, ki zauna da shi rabin sa'a ki nuna masa bambancin takardun kuɗi. Wata a cikinku ita ce za ta zama malama ko ma'aikaciyar jinyar da za ta buɗe musu wurin koyon sana'a a garinku.

Game da Inna, mu huɗu ne kawai muka samu zuwa yanzu, muna neman biyu. Ɗanta yana wuni gidan mai kitso ran Litinin, yana ba kajinta dawa, ya kuma fara sanin hanyar komowa shi kaɗai. Maganar wanda zai riƙe shi har yanzu dangi ba su gama ta ba, ƙanen mijinta ya ce sai bayan girbi. Inna ta ce in rubuta masa takarda in tuna masa, na kuwa rubuta.

In akwai irin wannan a unguwarku, ko kuna da wata dabara da ta fi tamu, ku rubuto ta hannun Edita, za mu buga don sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Sai mako mai zuwa. Wassalam.